Gwiwar Ɗalhatu Direba

Ɗalhatu mutumin Malumfashi ne. Ya zo Kaduna yana saurayi da niyyar aikin masaƙa, bai samu ba, sai ya koyi tuƙi, ya kama ɗaki a Makera. Daga baya ya zama direban tanka, yana lodi a matatar mai ta wajen Rido. Ba ya yawan magana, kuma a ganinsa duk ciwon da ba a yi masa allura ba, ba a yi masa magani ba.

Shekarar da soja suka miƙa mulki, gwiwarsa ta hagu, mai taka kuloci, ta ƙi lanƙwasuwa. Hawa tanka ya zama aiki. Salla ma sai a kan kujera, a ƙarshen sahu, tare da tsofaffin da suka haife shi. Matarsa Maimuna ta shafa man zafi har ɗakin ya daina shiguwa, sannan ta tasa shi gaba zuwa asibiti.

Aka tura shi sashen gashin ƙashi. Ya shiga yana dube-duben inda wutar take. Ma'aikaciyar, Sista Martha, 'yar Zonkwa, ta lallatsa gwiwar, ta naɗe tawul ta sa a ƙarƙashinta.

"Baba, danna tawul ɗin da gwiwarka. Riƙe. Saki. Yanzu ɗaga ƙafar a miƙe."

Ya ɗaga, cinyar tana rawa.

"Tsokar cinyar ce ta yi sanyi, ta bar wa gwiwa aikin duka. Haka za ka riƙa yi safe da yamma."

"To, allurar fa?"

"Babu allura."

"Ko ta ƙare ne? Sai in sayo a waje."

"Baba, ɗaga ƙafar."

A lokacin tanka kan yi kwanaki a layin lodi. Ɗalhatu ya riƙa shimfiɗa tabarma a inuwar motarsa, ya kwanta rigingine, ya ɗaga ƙafa, ya sauke. Direbobi suka fara taruwa kallo. Abokinsa Benson ya tsaya a kansa ya ce, "Malam Ɗalhatu, an ce soja sun koma bariki, ashe kai ka karɓi faretin." Ɗalhatu ya ci gaba da ɗaga ƙafarsa yana shaƙar iska, don Sista ta ce kada ya riƙe numfashi.

Kafin damina ta wuce ya koma sahun gaba, yana sujada kamar kowa. Nan take ya daina motsa jikin, ya mayar wa Maimuna tawul ɗinta. Gwiwar ta ba shi 'yan makonni, ta dawo da ciwonta. Da ya koma asibiti, Sista Martha ba ta tambaye shi komai ba, gado kawai ta nuna masa. Shi kuwa ya hau.

Daga nan bai sake fashi ba. Benson ma, da bayansa ya riƙe, ya zo da tasa tabarmar ya shimfiɗa can nesa, wai iska yake sha.

Ɗalhatu ya ajiye tuƙi da ƙafarsa lafiya, ya buɗe shagon baƙin mai a bakin titin Makera. Duk wanda ya zauna a bencinsa ya yi kukan ciwo, sai ya sa shi ya miƙe ƙafa. Wani mai ciwon haƙori ya taɓa yi masa gardama. Ɗalhatu ya ce ya dai fara da ƙafar tukuna.