Baba Ɗanlami da Ranar Takardu

Duk wanda ya zauna a unguwar Hashimi ya san ranar Alhamis ba a shanya a tsakar gidanmu. Ranar takardu ce. Da hantsi ya yi, kakana Baba Ɗanlami zai jawo tsohon akwatin ƙarfensa daga ƙarƙashin gado, ƙiiii, ya shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro, ya jera takardu su sha iska, kowacce da dutsenta a kai. Sai ya zauna gadi da sanda. Kaza ta matso, sanda. Jika ya matso, sanda. Ni Sadiku wallahi na fi kajin gidan nan sanin ɗanɗanon sandar nan.

Takardun na kakan babansa ne, magatakardan fada tun kafin zuwan Turawa, lokacin garin nan namu ne ake kira Abuja. Wasiƙu, waƙoƙi, da abin da ya rubuta wa kansa, duk da ajami. Damuwar Baba ɗaya ce, kullum sai ya faɗa: "In na mutu wa zai karanta su?" 'Ya'yansa duk suna aiki a birnin tarayya, inda yake kira Abujar aro. Ni kuwa allo na gudu, boko na tsaya a aji uku, na kama tuƙin keke mai ƙafa uku a Madalla.

Wata rana na ce, "Tsoho, kawo in ɗauke maka su a waya ka huta."

Ya ce, "Ja'iri, wayarka ta bara ina take?"

"Ta faɗa kwata."

"Wadda ka saya bayanta fa?"

"An zare ta a tasha."

"To wannan takardar ta girmi uban ubanka, ko sau ɗaya ba ta faɗa kwata ba. Tashi ka ba ni wuri!"

Kun tuna Maman Chinedu, 'yar hayarmu mai suyar ƙosai a ƙofar gida? Iska ta taɓa sato takarda ɗaya ta ajiye mata kusa da kasko. Baiwar Allah ta ga takarda a banza, ta naɗe wa wani mutum ƙosai. Da Baba ya ƙirga ya ga babu ɗaya, kai! Unguwa ta tashi.

"Baba, abeg, yi hankuri! Mutumin ya ce garin Gawu Babangida za shi!"

Tsohon da kullum yake kukan gwiwa, sai ga shi ya yi tsalle ya faɗa kekena. "Ja mu je! Taka ta, ɗan nema!" Mun tarar da mutumin a tasha, mota saura mutum biyu ta cika, yana kan loma ta ƙarshe. Baba ya leƙa ta taga yana haki: "Bawan Allah, ƙosai naka ne, takarda tawa ce." Mutumin ya duba ya ga ajami, ya zaci laya ya ci abinci a kai, ya fara salati. Har yau tabon man yana jikinta. Tun daga ranar ko tsire aka kawo wa Baba sai ya karanta takardar kafin ya ci.

Sai zuwan Farfesa. Wani mai gilashi ya taso daga Abujar aro, wai a ba shi takardun ya adana a ɗaki mai na'urar sanyi. Baba ya fara da tura shi ya wanke hannu, sau biyu, don na farko bai gamsu ba. Sannan ya ce, "In an ɗauke wuta fa? Ni ganyen darbejiya nake zubawa, gara ba ta zuwa, kuma ba a ɗauke shi."

Akwai wata takarda a naɗe cikin fata, duk gidan mun ɗauka babbar addu'a ce. Farfesa ya buɗe, muka nutsu. Ashe mita ce! Magatakardan ne yake ba da labarin akuyar maƙwabcinsa da ta cinye rabin wasiƙar da ya wuni yana rubutawa, har da cewa akuyar ko kunya ba ta ji ba. Na yi dariya har na faɗo daga benci.

Baba ko gezau. Ya ce, "Na sani ai. Ita na fi so. Sauran duk muryar fada ce, wannan ce kaɗai muryarsa." Farfesa ya koma da hannu a wanke, babu takarda.

Da Allah ya yi masa rasuwa bayan damina, ranar sadakar uku kakata Goggo ta miƙo min makullin akwatin, wai wasiyya ce. Baffana ya ce, "Wannan ɗan keken? Wallahi ƙosai za a naɗe da su!" Ni kaina hakan na zata.

Na buɗe. A sama, kan ganyen darbejiya, sai ga littattafan rubutu irin na 'yan firamare, guda shida. Baba, mutumin da yake cewa boko tafiyar kiyashi ne, ashe ya zauna ya kwafe takardun nan: layin ajami a sama, na boko a ƙasa. A bangon na farko ya rubuta: "Na Sadiku ja'iri. Ka wanke hannu."

Yanzu ranar Alhamis in kun neme ni a Madalla ba za ku gan ni ba. Ina gindin mangwaro, Maman Chinedu ce ma take taya ni ɗora duwatsu. Makon jiya na karanta ta akuyar nan da ajami, ni kaɗai, ban leƙi layin ƙasa ba. Na ɗaga kai in yi wa Baba burga, sai na ga sandar kawai jingine da bango.

Allah ya jiƙan Baba Ɗanlami, ya haskaka kabarinsa, ya haɗa shi da mai rubutun nan da ya tsare wa amana. Allah ya ba ni ikon riƙewa. Amin.