Ƙullin Farin Ƙyallen Safara'u

Kullum da sassafe Safara'u kan fito daga Kurmin Mashi ta hau bas zuwa asibitin da take aikin jinya a ɗakin tiyata. Wasu ranakun sai a ga ta dawo da ɗan ƙulli a farin ƙyalle, ta miƙa wa mai gadin maƙabarta. Unguwa kuwa ba a raba ta da baki. Nan take aka yanke hukunci: ƙasusuwan mutane take kai wa matsafa.

Malam Ɗahiru mai makarantar allo ya fi kowa zafi. Ya hana matarsa Husaina karɓar tuwon sallarta. In Safara'u ta durƙusa gaishe shi, sai ya dubi bango.

Ana haka gwiwar Malam ta lalace, har masallacin ƙofar gida ya gagare shi. A 1996 aka kwantar da shi za a sa masa ta ƙarfe. Da likita ya buɗe, sai ya tarar ƙashin ya zaizaye ya yi rami, ƙarfen ba shi da mazauni. Safara'u ce ta tattara guntayen ƙashin da aka yanke daga gwiwar, ta tsabtace, ta farfasa su, likita ya cike ramin kamar mai yaɓen bango.

Da Malam ya dawo hayyacinsa, ta zo bakin gadonsa ta durƙusa, ta miƙa masa ƙulli a farin ƙyalle.

"Malam, ragowar ƙashinka ne. Jikin ɗan Adam ba na shara ba ne, a ba iyalinka su binne. Waɗanda ba su da kowa ne nake ɗaukar nasu da kaina."

Husaina ta ce Malam mayafi ya ja ya rufe fuska.

Safara'u, ke ce mai yi wa ƙashin baƙo sutura. Shekaru ana cin namanki, ba wanda ya tako ya tambaye ki. Wannan abin kunya ne, kuma kunyar ta unguwa ce gaba ɗaya. Yau da kika ajiye aiki, mun gode, Allah Ya saka miki. Masu tasowa a aikin jinya su ɗauki halinki.

Ranar ƙaramar sallar bana, Malam ya tako da ƙafarsa har ƙofar gidan Safara'u, da kwano a hannu, kansa a sunkuye.

"Hajiya, tuwon da na daɗe ina mayarwa na zo roƙo."