Daga Maraɗi Zuwa Rawayau Gyaran Famfo

Talata: hanyar Dutsin-Ma

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba na bar gidanmu a Maraɗi, bayan Inna ta ɗora mani hannu ta yi addu'a har sau biyu. Lahadin da ta gabata an tsai da ni gaban 'yan'uwa a coci, aka sanar cewa Ishaya zai tafi ƙasar waje aikin bishara. Mata suka rangaɗa guɗa. Ba wanda ya tambayi wace ƙasa, ni ma ban ga dalilin faɗa masu cewa jihar Katsina ce ba, inda 'yan kasuwarmu ke zuwa da safe su dawo kafin la'asar.

Aikina shi ne gyaran famfon tuƙa-tuƙa, wanda na koya cikin mako biyu. A jakata akwai Littafi Mai Tsarki, sufana biyu, robobin silindar da ke zuƙo ruwa a ƙasan famfo, takalmin hawan dutse na gwanjo, da tanti irin wanda nake gani a hotunan Turawan mishan na da.

Bakwai da rabi muka iso iyaka. Wani mai kaki ya zaro tantin.

"Wannan fa?"

"Wurin kwana ne, ranka ya daɗe."

"Ina za ka?"

"Wajen Kurfi."

"An ce maka ba su da ɗakuna can?"

Daga Jibiya zuwa Katsina na daina ƙirga shingaye a na tara. Goma da minti ashirin na ci waina a tasha, na shiga motar Dutsin-Ma, tafiyar kilomita sittin da 'yan kai. Mu huɗu a gaba har direba, wanda ke canza giya daga ƙarƙashin gwiwata. Ɗaya da kwata Fasto Danladi, mai kula da ƙaramar cocin da ta gayyace ni, ya tarbe ni da ruwan sanyi.

Laraba: hawan dutse

Na ce wa Fasto ba zan fara aiki ba sai na hau dutsen garin na yi wa ƙasar addu'a daga sama. Ya dubi takalmina, ya ce Allah ya kiyaye.

Bazara ce. Ƙarfe tara dutse ya riga ya yi zafi kamar tanda. Rabin hanya na koma rarrafe. Can sai ga wata tsohuwa cikin silifa, da ƙwarya a kai, ta zo ta gefena.

"Sannu ɗan nan. Wani abu ka yar?"

Na ce a'a, hawa nake. Ta ce to, ta wuce. Da na isa inda na yanke shawarar kira ƙololuwa, na tarar da ita tana shanya kuɓewa. A gefen shanyarta na yi addu'ata, a gajarce.

Alhamis: ƙauyen Malam Sada

Takwas na safe muka isa Kurfi da Fasto, daga nan babur minti arba'in kan turɓaya zuwa wani ƙauye bayan Rawayau. Fasto ya danƙa ni ga limamin garin, Malam Sada, wanda suka daɗe suna sayen taki tare, ya koma.

Na tanadi bayanai masu tsawo kan bangaskiya. Malam ya saurare ni har ƙarshe yana gyaɗa kai, sannan ya ce, "Madalla. Annabi Isa namu ne mu ma. Yanzu dai ci tuwo, ya huce." Da na fara kafa tanti a ƙofar gida kuwa, fuskarsa ta canza. "So kake a ce Liman ya kwanar da baƙo a waje kamar jaki?" Na naɗe abina na shiga ɗakin da aka share mani.

Famfon garin ɗaya ne. Hajiya Turai, wadda ke riƙe da makullinsa, ta ce yana ba da ruwa, sai dai a tuƙa sau talatin kafin ya kawo.

"Hajiya, yau kun huta," in ji ni.

Maza huɗu suka taya ni, muka cire kan famfo, muka fara zaro bututu ɗaya bayan ɗaya. A na biyar na ce a saki, na kama. Ban kama ba. Sauran bututun da silinda suka sulale cikin rami. Muka ji ƙararsu tana nisa, sannan shiru.

Hajiya ta leƙa ramin, ta dube ni. "Da safe muna da famfo mai gardama. Yanzu mi muke da shi?"

Gida sama da talatin ke sha a nan, rijiyar da ta fi kusa kuma tana bakin fadama, kusan kilomita uku.

Juma'a da Asabar: ni da jaki

Ba wanda ya zage ni, wannan ne ya fi yi mani ciwo. Da gari ya waye na roƙi Malam ya ara mani jakinsa da jarkoki huɗu. Sawu bakwai na yi ran Juma'a, ina sauke ruwa a gidajen tsofaffi da masu jego. Takalmin hawan dutse ya saɓule mani dugadugai, na koma silifan Malam. A sawu na biyar na tsaya ƙarƙashin wata gawo na yi kuka, na roƙi Ubangiji kada ya bar mutanen nan cikin ƙishi saboda girman kaina. Tun da nake ban taɓa addu'a irin wannan ba. Jakin ya yi amfani da damar ya juya gida.

Bayan an sauko daga masallaci Malam ya aika a kira wani maƙeri, Audu, daga wajen Makera. Ya iso Asabar da hantsi, ya tambayi faɗin bututun, ya lanƙwasa guntun rodi ya yi ƙugiya, ya ɗaura a igiya. Awa uku yana zaune bakin rami, ido a rufe, yana lalube. Ina tsaye da takardar shaidar horona a aljihu, aikina miƙa masa ruwan sha.

Ƙarfe biyu da minti goma igiya ta yi nauyi. Aka yi kabbara, ni kuma na ce Halleluya da ƙarfi, ba wanda ya damu. Da aka jawo bututun waje, Audu ya buɗe silinda, na miƙa masa sababbin robobi, ya saka, aka mai da komai. Hajiya ta tuƙa sau biyu ruwa ya ɓarke.

"To," ta ce, "robarka dai ta ƙwarai ce."

Litinin: gida

Lahadi na yi sujada a Dutsin-Ma. Litinin shida na safe na kama hanya, da zabo guda da Malam Sada ya ɗaure mani, bayan ya yi mani addu'ar sauka lafiya. Ƙarfe biyu da rabi ina ƙofar gidanmu.

Da yamma dattawan coci suka zo. Shugabansu, Baba Istifanus, ya tambayi rai nawa aka jawo cikin bangaskiya. Na ce ko ɗaya, Baba, amma ruwa na zuwa, kuma an ba ni saƙo gare ku. Ya gyara zama, ya ce in faɗa.

Na ce Hajiya Turai na gaishe ku da kyau, tana godiya. Ta ce in za ku sake taimaka masu, ku ba direba robar ya kai, ba sai kun wahalar da mutum ba.

Godiya ga Ubangiji da ya kai ni ya dawo da ni, ga Fasto Danladi, ga Malam Sada da iyalinsa, da kuma Audu maƙeri, wanda shi ya yi aikin da kuka aike ni.