Yadda Kawu Isufu Ya Kai Mu Suna a Motar Kifi

Ku da kuka san Kawu Isufu ba sai na gaya muku ba, mutumin nan bai taɓa yarda ya hau titin da ake biyan kuɗi ba. Shekara da shekaru yana aiki a masana'anta can Saint-Fons, kusa da Lyon, har ya yi ritaya, amma babban titi bai taɓa cin ko sisinsa ba. Da ya hango allon peyaj, wato ƙofar biyan kuɗin titi, sai ya karkata kan mota ya faɗa cikin ƙauyuka, yana cewa, "Allah ya shimfiɗa ƙasa kyauta, wani ƙato ya zo ya kafa mata ƙofa!" Kuna dariya ko? Ku yi ta yi. Ni da na tuƙa shi, har yau raina bai gama hucewa ba, ko da yake ƙanin mahaifiyata ne kuma ya riga mu gidan gaskiya.

Abin ya faru ne lokacin da ɗiyarsa Zara'u, wadda ke aure a Barcelona, ta haihu. Jikar fari! Matarsa Inna Rabi ta kasa zaune ta kasa tsaye. Burinta ɗaya ne a duniya, ta isa kafin ranar suna, a raɗa wa jaririyar suna tana riƙe da ita. Na ce a sayi tikitin jirgi. Kawu ya dube ni kamar na zage shi.

"Jirgi? Ga otal a ƙofar gida?"

Otal ɗin nan wata tsohuwar motar ɗaukar kaya ce da ya saya hannun wani mai kifi na kasuwar Rungis. Ya huda mata taga da kansa, ya sa katifa da murhun gas da buta, ya rataya labulen atamfa. Ya wanke ta, ya turara ta, amma ƙarnin kifi ya ce yana nan daram. "Ga mota, ga ɗaki, ga kicin," in ji shi. "Mu kwana a filin kampin kamar Turawa, mu yi vakans, hutu ke nan, mu ci suna." Likita ya hana shi tuƙi mai nisa saboda ido, don haka ni na ɗauki hutuna na wurin aiki, hutun da na yi ta tattali, na zama direba. Na lallashi kaina, ai daga Lyon zuwa Barcelona tafiyar yini guda ce, ko ta ƙauyukan ma, kuma muna da mako cur. Me zai faru?

Sallama ce ta faru. Kawu ba ya tafiya sai ya yi sallama da kowa. Ya sa babbar riga ya bi unguwar Guillotière shago shago, daga mai nama zuwa tela zuwa mai aski, yana sanar da cewa zai yi tafiya. To kun san mutanenmu, ka ce za ka yi tafiya da mota, kowa sai ya tuna yana da ɗan saƙo. Kilishi ga wani ɗalibi. Jarkar man gyaɗa. Turaren wuta. Keken ɗinki, wallahi har da ƙafafunsa! Da na zo ɗaukar su na tarar katifar ta ɓace ƙarƙashin kaya, Inna Rabi na zaune a kan buhun gero. Na duba sunayen da ke jikin ƙulle-ƙullen.

"Kawu, waɗannan duk na Paris ne!"

"To? Saƙo ai ba a ƙinsa."

"Paris arewa take, Barcelona kudu!"

Ya gyara hula. "Ke da kika yi boko, ba a gaya miki duniya zagayayya ce ba?"

Muka nufi Paris ta bayan gonaki. Can kuma aka buɗe sabon babi, domin Kawu ba ya miƙa saƙo a bakin ƙofa. Sai ya hau sama, ya zauna, ya gaida maigida, ya tambayi lafiyar iyayensa na Damagaram har da na Maraɗi, ya ci abinci, ya sha shayi. Ni kuwa ina ƙasa ina ta zagaye unguwa da motar kifi don babu wurin tsayawa, masu mota na yi mini hon, Inna Rabi na jan carbi tana duban waya. Sai ya sauko yana sakace, ɗauke da wani sabon ƙulli.

"Wannan na Bordeaux ne. Kan hanya yake."

"Malam," in ji Inna Rabi, "ka ji tsoron Allah. Suna fa."

"Rabi, yaushe na taɓa makara?"

Ba ta ba shi amsa ba, don ba ta da yinin da za ta ɓata wajen lissafi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na filin kampin. Mun sauka da la'asar kusa da wasu Turawa 'yan Holan, iyali guda, dogaye, kowa da tantinsa. Inna Rabi ta dafa shinkafa, ta buɗe kwanon dambun naman da ta yi wa maijego, ta ce a ɗan yayyafa kaɗan. Kawu kuwa ba zai iya kai loma baki ba wani na gefe, sai ya ɗaga hannu ya yi musu tayi da Faransanci, ku zo mu ci. Shi a tunaninsa za su dafa ƙirji su ce sun ƙoshi, yadda kowane ɗan halas yake yi. Ina! Sai ga su sun taso da kujerunsu da farantansu, har da kakarsu. Suka ci shinkafa, suka gano dambu, suka yi ta yaba shi suna ƙarawa har suka ga gindin kwano. Inna Rabi na kallo.

Da suka tashi, Kawu ya yi tagumi. "Mutanen nan ba su da tarbiyya. Tayi fa na yi, tayi!"

Washegari da safe ya ɗauki kujerarsa ya je ya zauna daf da su lokacin karin kumallo, yana jiran a rama. Suka ɗaga masa hannu da fara'a, suka ci gaba da shafa man shanu a burodinsu. Ya dawo yana ƙunƙuni har muka loda kaya.

Ranar suna ta same mu a bayan wata tarakta, ko iyakar Sifen ba mu kai ba. Zara'u ta kira ta bidiyo. Hoton na yankewa, muryar liman na zuwa tana ɓacewa, amma sunan mun ji shi sarai: Rabi'atu. Takwara aka yi mata. Inna Rabi ta kife wayar a cinya, ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni hawayen haushi nake yi. Kawu ya kalli taga, ya ce a hankali, "Nana, hau titin kuɗin." Na hau. Da muka zo ƙofar biya ya leƙo ta kaina ya tambayi na'urar ko akwai ragi ga tsofaffi.

Mun isa an watse, an cinye rago, an wanke tukwane. Inna Rabi ta rungume jikarta, shi kuwa ko kallonsa ba ta yi. Da gari ya waye aka neme shi aka rasa. Can sai ga shi da wani mahauci ɗan Maroko, an sauke naman rago guda, ya ce wa surukinsa, "A kira liman, a kira mutane. A sake!" Aka ce Kawu, ba a suna sau biyu. Ya ce a nuna masa wanda ya hana. Haka aka taru aka sake addu'a, Inna Rabi na riƙe da jaririya tana harararsa ta saman kanta. Sai da ya yi wata guda yana ba mutane labarin tsadar ragon.

Bara Kawu ya rasu. Watan jiya Zara'u ta sake haihuwa, namiji. Wannan karon ban yi shawara da kowa ba, na sayi tikiti, na kai Inna Rabi filin jirgi da kaina, na hana kowa ba ta ko ƙullin goro. Kafin azahar ta kira ni daga Barcelona. Na ce, "Inna, kin gani ko? Ba wahala, ba makara."

Sai ta ce a hankali, "Na iso da wuri, Nana. Ba wanda ya ɓata mini lokaci."

Allah ya jiƙan Kawu Isufu, ya yafe masa, ya yalwata masa makwanci. Allah ya ba Inna Rabi haƙurin rashinsa, ya raya abin da ya bari. Amin.