Ruwan da ke Cikin Ƙahon Don Evaristo

Don Evaristo Landa ya busa ƙaho a babbar ƙungiyar kiɗa ta birnin Xalapa tun yana da baƙin gashi har ya ajiye aiki, kuma ba a taɓa sa shi a gaba ba. Mabusa ƙaho huɗu ne a jere, shi ne na huɗu, can ƙarshen layi kusa da masu ganguna. Rabon na huɗu shi ne sauti na ƙasa-ƙasa, wanda in an yi shi daidai ba mai lura, in an ɓata shi kowa ya waiwayo. Shi dai ba a taɓa waiwayowa an dube shi ba, kuma da wannan yake tinƙaho.

Ɗan mai ɗinkin takalma ne daga Naolinco. Uban ya so ya gaje shi, sai makaɗan garin suka rasa wanda zai riƙe musu wani tsohon ƙahon tagulla, irin mai naɗi kamar igiyar guga, mai faɗin baki kamar ƙwarya. Aka duba, aka ga Evaristo ba ya yawan magana, aka ce lallai yana da rarar numfashi. Haka ya shiga sana'ar, bai kuma sake taɓa fata da allura ba.

Duk mai busa wannan ƙaho ya san lalurarsa. Numfashi mai ɗumi in ya ratsa tagulla mai sanyi sai ya zama ruwa, ya taru a lungunan naɗin. In aka bar shi, sautin ya fara ɓulɓul kamar an nutsa tulu a rafi. A Xalapa kuwa, inda yayyafi ba ya gajiya, ruwan ba ya ɗaukar lokaci. Don haka da zarar ƙaho ya samu hutu a cikin kiɗa, mabushi zai zare bututu, ya juya ƙahon, ya girgiza, ya zubar, ya mayar. Wasu kan manta. Don Evaristo bai taɓa mantawa ba, domin tuni hannayensa suka karɓi aikin suka daina shawara da shi.

A gida ma haka yake. Matarsa, Doña Celerina, malamar lissafi ce a firamare, kuma ita ke fama da daɓen falo.

"Baban Nila, yawunka ya sake jiƙa min ƙasa."

"Ba yawu ba ne, Cele. Raɓa ce."

"To mai raɓa, ga tsumma nan bayan ƙofa."

Wannan hirar sun yi ta tun suna sababbin aure, ba wanda ya ƙara mata kalma ko ya rage.

'Ya ɗaya Allah ya ba su, Leonila, da suke kira Nila. Ta taso a ƙasan kujerar ubanta tana kallon yadda yake gwaji. Da ta girma ta karanci tsara kiɗa a jami'a, amma irin kiɗan da take tsarawa ba irin wanda ya sani ba ne. Takan wuni a bakin rafin Pixquiac tana saurare, ta dawo da jiƙaƙƙen takalmi da aljihu cike da tsakuwa. Kiɗanta na mutum biyu ne ko uku, a ƙaramin ɗaki, kuma sau da yawa wanda ya shigo a makare ba ya gane ko an fara. Don Evaristo yana zuwa duk wanda aka yi, ya zauna a miƙe, ya tafa a ƙarshe. In ta tambaye shi yaya ya ji, sai ya ce kujerun wurin suna da kyau.

Wata safiya suna shan kofi da madara, ta ajiye masa takardun sabon kiɗa a gefen burodi. Na mutum biyu ne: ƙaho, wanda ta rubuta dominsa, da ɓangaren ganga, wanda ta rubuta domin ƙawarta Gudelia. Kan rafin ta tsara shi. A farko ƙaho zai yi ta doguwar busa a hankali. Daga nan ya yi shiru mai tsawo, Gudelia tana goga duwatsun rafi da juna, tana zuba busassun 'ya'yan kofi a kan fatar ganga. Sannan ƙaho ya dawo. A daidai wurin shirun Nila ta rubuta da manyan baƙaƙe cewa kada a zubar da ruwan.

Ya karanta, ya cire tabarau, ya goge, ya sake karantawa.

"Nila, kin san yadda ake kiran mutumin da ƙahonsa ke ɓulɓul?"

"Yaya, Baba?"

"Wanda aka sallama."

"Haba Baba. Ka taɓa jin rafi mai wankakkiyar murya?"

"Rafi ba shi da abokan aikin da za su zauna a layin gaba."

"Kai dai ka gwada sau ɗaya, ko a banɗaki ne. Ba wanda zai ji sai Mama."

"Ni na ji wanda ya fi wannan," in ji Doña Celerina daga wajen murhu.

Ya ce a bari sai ya ajiye aiki, a gani. Ta ce ba gaggawa, ta kwashe takardunta. Ya ajiye aiki, maganar ba ta taso ba, ko kuma ta taso ya kau da ita. A lokacin tsinkar kofi Nila ta fara ciwo a jini. Kafin kofi ya sake nuna an binne ta. Shekararta talatin da huɗu.

Bai daina gwaji ba. Kowace safiya yakan zauna a falo ya yi doguwar busa, ya zubar da ruwa, ya ɗauko tsumma da kansa. Doña Celerina ba ta sake cewa komai a kan daɓen ba, shi kuma ya so a ce ta ce.

Bayan shekara da 'yan watanni Gudelia ta zo gidan. Ta ce an ba ta wani ƙaramin zaure ranar Lahadi da hantsi, don a yi kiɗan Nila, kuma akwai guda ɗaya da ba a taɓa yi ba. Ta fara kame-kame cewa akwai wani matashin mabushi da zai iya, in dai Baba ba ya so. Bai bari ta kai ƙarshe ba.

"Ni aka rubuta wa," ya ce.

Suka fara gwaji a falon. Gudelia ta shimfiɗa duwatsunta a kan teburin cin abinci, ta kafa ganga kusa da firji. Ɓangaren farko bai ba shi wahala ba. Aka zo wurin shiru, ya shiga ƙirga bugu a ransa kamar yadda ya saba, don ya san inda zai dawo. Ya dawo daidai, sauti garau. Gudelia ta tsaya.

"Baba, ka zubar."

"Ban zubar ba."

Ta nuna ƙasa. Ga ruwan nan kusa da takalminsa na hagu.

Aka sake, aka kuma sake. Matsalar ita ce in ya sa ido a kan hannayensa sai ƙirgar ta kuɓuce masa, in ya riƙe ƙirgar sai hannayen su yi abin da suka ga dama. Doña Celerina ta kawo shawara a ɗaure bututun da zare. Ya ce ba za a ɗaure masa ƙaho kamar kazar kasuwa ba. Gudelia ta ce za ta ɗaga masa kai in lokacin dawowa ya yi, ya bar ƙirga. Ya ce shi bai taɓa jiran mai ganga ta gaya masa inda zai shiga ba, ba kuma zai fara da tsufa ba. Har ranar ta zo, sau ɗaya tak ruwan ya tsira, shi ma don an buga ƙofa ne a tsakiyar shirun.

Ran Lahadi zauren ya kusa cika: ɗaliban da Nila ta koyar, maƙwabta, da tsofaffin abokan aikinsa. A layin gaba ga Don Fulgencio, wanda ya daɗe yana riƙe da kujerar ƙaho na ɗaya, ya haɗe hannaye a kan sanda. Kiɗan rafi ne na ƙarshe.

Don Evaristo ya yi ɓangaren farko. Aka shiga shiru, duwatsu suna gogar juna, 'ya'yan kofi suna zuba a kan fata kamar farkon yayyafi a kan kwano. Ya ƙirga. Ya ɗaga ƙaho ya dawo, sautin ya fito sumul, mai faɗi, irin wanda bai taɓa samu ba ko a kwanakin ƙarfinsa. Bai buƙaci duba ƙasa ba, ya san hannayen sun riga sun zubar da ruwan. Ya kai kiɗan ƙarshe, domin ba a tsayawa a tsakiya.

Zaure ya ɗauki tafi. Don Fulgencio ya dogara sanda ya miƙe yana cewa, "Haka ake busa! Ashe ɓoye mana kai aka yi a ƙarshen layi!"

Don Evaristo ya tashi ya ɗaga hannu, aka yi tsit. Tun da yake bai taɓa magana daga kan dandamali ba.

"Ku yi haƙuri, jama'a. An yi kuskure. Za mu sake daga farko."

"Wane kuskure, mutumina?" in ji Don Fulgencio. "Ni ban ji komai ba."

"Shi ne kuskuren. Zauna, Fulgencio."

Waɗanda suka riga suka ɗauki lema suka mayar da ita ƙasan kujera. Mutum biyu-uku da abincin rana ke jira suka sulale. Gudelia ta durƙusa ta tsince 'ya'yan kofinta daga kan ganga, ba ta dube shi ba.

Suka sake daga farko. Da aka zo shirun, ya kwantar da ƙahon a cinyarsa, ya cusa hannayensa biyu ƙarƙashin cinyoyin, ya zauna a kansu. Dattijo ne cikin baƙar kwat, zaune kamar ɗan makarantar da aka hana taɓa wani abu. Hannayen suna ta motsi a ƙarƙashinsa. Ƙirgar ta ɓace masa, sai ya ɗaga ido ya dubi Gudelia, ya jira. Ta ɗaga masa kai.

Ƙahon ya yi ɓulɓul. Wani a baya ya yi dariya ya haɗiye ta. Don Fulgencio ya runtse ido kamar ana cire masa haƙori. Don Evaristo ya ci gaba, sai ya ji sautin yana karyewa daidai inda duwatsun Gudelia ke shigowa, yana sakewa daidai inda suke fita. Ba dace ba ne. Tsawon ɓangaren farko an auna shi ne da yawan ruwan da numfashinsa yake tarawa a cikin wannan ƙahon, a irin sanyin wannan garin. Da wani ne ya busa, da ruwan ya yi yawa ko ya gaza. Ta san numfashinsa fiye da yadda ya sani, kuma ba ta taɓa gaya masa ba.

Ya kai ƙarshe. Tafin bai kai na farko ba.

A bakin ƙofa Doña Celerina ta karɓi akwatin ƙahon daga hannunsa, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce yana da nauyi, amma ba ta mayar masa ba. Suka taka zuwa gida ba su yi maganar kiɗa ba.

Yanzu Don Evaristo ya haura saba'in. Ba a cika neman kiɗan rafi ba, amma in an nema yakan je, ko garin Coatepec ne ko wani ajin ɗalibai, shi da Gudelia da buhun duwatsunta. Har yanzu hannayen sukan riga shi, kusan rabin lokutan. In haka ta faru yakan kai kiɗan ƙarshe, ya bari a gama tafi, ya ba jama'a haƙuri, a sake daga farko. Masu shirya taro a yankin sun san da haka, shi ya sa ba sa sa shi dab da lokacin abinci.