Gwaji Uku, Baba Ya Zaɓi Na Uku

'Yan uwa, a gabana yau aka gwada Baba sau uku, aka samu amsa uku!

Kun san sati biyu ke nan jiri na ɗibar shi. Da ƙyar na jawo shi likita nan Dakoro. Majo, babban ma'aikacin wurin, ya ce jirin daga cikin kunne yake. Ya ce, "Baba, rufe ido, miƙe hannuwa, ka yi ta taka ƙasa wuri ɗaya."

Baba na takawa, sai ya karkata dama. Majo ya ce, "Kunnen dama ne."

Abokin aikinsa ya shigo, ya ce a sake ya gani. Wallahi sai Baba ya karkata hagu! Suka dubi juna. Aka yi na uku. Ya tsaya cak, ko gezau!

Majo ya ce, "Gwajin nan haka yake, yakan sauya. Sai an je Maraɗi an duba da na'ura. Kafin nan kada ka hau komai, kada ka shiga rami."

Baba ya sa hularsa ya ce, "Ɗana, ko alwala sau uku ake wankewa, na ukun ne cikawa. Na warke."

Na roƙa, na yi kuka, ya ce mutanen Ɗan Gulbi na jiran shi gobe ya yashe musu rijiya. Gaba talatin zurfinta!

Yanzu haka yana tsakar gida yana duba igiyarsa. Don Allah wani ya kira shi, ni ba ya jin tawa.