Jegon Huraira a Hannun Suruka

Huraira ƙanwar kakarmu ce, uwa ɗaya uba ɗaya. A hayin kogin Mariga aka haife ta, aure ya tsallako da ita wannan ɓangaren, wata 'yar unguwar manoma a bakin daji kusa da Kakangi, shekaru kaɗan bayan Turawa sun miƙa mulki. Mijinta Maliki manomin dawa ne da gyaɗa, mutum mara hayaniya. A kasuwa ya gan ta tana sayar da daddawa, ya yi ta sayen daddawar da ba ya bukata har iyaye suka gane, aka yi abin da ya kamata. Kakarmu takan ce duk gidansu babu mai dariyar Huraira, idan ta tuntsire sai kajin tsakar gida sun watse.

Da ciki ya tsufa, kamata ya yi ta koma gidan iyayenta, don haihuwar fari a gaban uwa ake yin ta, uwa ce ke yi wa 'yarta wankan jego. To, a shekarar damina ta yi ƙarfi. Mariga ya kawo ya shafe gaɓa, mai kwale-kwale ya ɗaure jirginsa ya ce ko wane ne sai dai ya jira. Ana cikin jiran ruwa ya janye naƙuda ta zo. Ta daɗe a durƙushe tana yunƙuri, ko tari ba ta yi ba, domin raki a haihuwar fari abin gori ne har tsufa. Allah ya sauke ta lafiya, aka sami namiji. Wankan da uwarta za ta yi mata sai ya faɗo hannun surukarta, Inna Aminatu, mahaifiyar Maliki.

Kada a ɗauki alhakin Inna Aminatu, ba muguwa ba ce. Tun bazara ta sa Maliki ya tara itacen jego har ya kai tsayin danga. Safe da yamma takan tafasa ruwa a babbar tukunya, ta tsoma ganyen runhu ta riƙa fyaɗa wa Huraira a jiki har fata ta yi ja. Ta dama kunun kanwa, ta tuƙa tuwon dawa mai tauri, ta dafa ƙafafun saniya ta barbaɗe su da yajin jego mai barkono da masoro da citta.

"Ci ki ƙoshi, yarinya," in ji ta. "Ba za a ce an ba ni 'yar mutane na mayar da ita ɗanya ba."

Abin da Inna ba ta sani ba, tun washegarin haihuwa Huraira ta ji wani abu ya fito mata a dubura, tsiro kamar 'ya'yan ɗinya, yana zugi. Basir ne da yunƙurin haihuwa ya turo waje, amma ita ba ta san sunansa ba, ba ta taɓa jin wata mace ta ambaci irinsa ba. Ranar da ta fara zagayawa bayan gida sai da ta cusa gefen zanenta a baki ta cije. Bahayan ya fito kamar tsakuwa, yajin ya biyo baya kamar an zuba garwashi a kan gyambo. Ta fito tana dafa danga, zufa ta jiƙa ta sharkaf, jini na bin ƙafarta.

Da uwarta ce, da tun a ranar ta raɗa mata. Amma wannan matar da ko sunanta ba ta faɗa, ba ta cin abinci a gabanta, ba ta haɗa ido da ita, ta ina za ta fara ce mata ga inda ke ciwo? Maliki kuwa a bakin ƙofa yake tsayawa da fartanyarsa a kafaɗa.

"Ina ruwan zafi?"

"Da godiya," take cewa, fuskarta na kallon bango.

Inna ta ga jini a tsumma, ta ce na haihuwa ne bai gama fita ba, ta ƙara kanwa a kunu, ta ƙara yaji a miya. Ranar suna aka raɗa wa yaro Idrisu. Mata suka cika ɗaki, suka tarar da Huraira a kishingiɗe don ba ta iya zama, suka yi ta tsokanarta wai daga haihuwa ɗaya ta koyi zaman sarauta. Ta yi musu murmushi.

Bayan suna ne ta yanke shawara ita kaɗai, irin shawarar da azaba ke koya wa mutum. Ta ce abin da bai shiga ba ai ba zai fita ba. Idan Inna ta ajiye akushi ta fita, sai Huraira ta lallaɓa bayan ɗaki ta jefa tuwon ta kan danga, inda karen maƙwabtansu ke kwanciya. Kunun ma kurɓa ɗaya take yi ta zubar da saura a gindin gwanda. Inna ta dawo ta ga akushi fes ta ce, "Madalla, haka nake so."

Zagayawa ta ragu, amma nono ma ya bi ta. Idrisu ya kama ya tsotsa ya saki ya tsala ihu, ya sake kamawa. Wuyansa ya zama kamar sillen kara, maɗigarsa ta faɗa. Huraira na ganin haka ta koma cin tuwo kwana biyu, azabar ta dawo har ta suma a bayan gida, ta farfaɗo ita kaɗai, ta sake komawa jefa wa kare. Kullum tana ce wa ranta gobe abin zai koma ciki, gobe za ta ci.

Inna Aminatu ta tara tsofaffin unguwa.

"Mai jego na cinye akushi guda safe da yamma, ga yaro na ƙarewa," in ji ta. "Ku duba mini."

"To ai ba yunwa ba ce," in ji wata. "Nonon ne. A gwada."

Aka matsa da ƙyar aka sami 'yan ɗigo a ludayi, tsararo kamar ruwan wankin shinkafa. Aka kamo tururuwa aka jefa. In ta fito da ƙafarta, nono lafiya lau, in ta mutu, ya ɓaci. Kawuna suka haɗu a kan ludayi. Tururuwar ta yi 'yan zagaye, ta tsaya.

"Inna lillahi. Guba yake sha. A cire shi yau."

Maganar na nan a bakin Huraira, kalma kaɗan ce, ba na cin tuwon. Amma in ta faɗa sai an ce don me, sai ta ambaci wurin a gaban surukarta da tsofaffin unguwa, gobe a ji a bakin rafi. Ga shi kuma ɗan fari ne. Uwa ba ta nuna ɗan fari nata ne, ba ta kiran sunansa, ba ta jayayya a kansa. Ta ja mayafi ta rufe fuska.

Aka fara ba shi madarar shanu daga rugar da ke gefen daji, cikinsa ya ƙi karɓa. Sai aka aika wa Hassana, yayar Maliki, da ke aure a Birnin Gwari tana goyon 'yarta. Hassana ta zo, ta sa shi a nono a tsakar gida ya sha har ya yi barci, ta goya shi, aka goya tata, suka kama hanya. Huraira na jin sawunsu daga ɗaki ba ta leƙo ba.

"Kai, yarinyar nan da kunya take," in ji tsofaffi. "Ko kallonsa ba ta yi ba. An yi tarbiyya a gidansu."

Lydia ce ta gano zancen, maƙwabciyarsu Bagwariya mai karen nan, mace mai 'ya'ya biyar da baki ba linzami. Ta shigo wata hantsi Inna ta tafi ɗebo ruwa, ta tsaya a kan Huraira ta riƙe ƙugu.

"Matar Maliki, karena ya daina cin na gida. Ya yi ƙiba kamar ɗan kasuwa, yana atishawar yaji. Ke kuma kin zama tsinke. Wa ke jego a gidan nan, ke ko shi?"

Huraira ta so ta yi dariya, kuka ya riga fitowa. Lydia ba surukarta ba ce, babu kunya tsakaninsu. Ta faɗa mata duka. Lydia ta saki baki.

"Wannan ne? Don wannan kika bari aka ɗauki ɗanki? Yesu! Tashi."

Ta tafasa bagaruwa ta bar ruwan ya huce ta sa ta zauna a ciki, ta kawo man kaɗanya na shafawa, ta kaɗa mata miyar kuɓewa ba barkono. Da Inna ta dawo, Lydia ta tare ta tun tulu na kanta ta zayyana mata. Inna ta sauke tulun a hankali ta zauna a kan turmi. 

"Basir?" in ji ta. "Ai ni ma na yi shi a haihuwata ta fari. Uwata ta gasa mini, mako biyu ya koma. Yarinya, me ya hana ki faɗa mini?"

Huraira ta sunkuyar da kai. Inna ma ta san amsar, don ita ma ba surukarta ta faɗa wa ba.

Daga ranar aka cire yaji, aka koma kunun gero da miya mai yauƙi. Zugin ya lafa, tsiron ya ragu ko da yake bai taɓa komawa duka ba. Nono kuwa aka yi jiƙo, aka yi shafi, aka yi rubutu, ɗigo kawai yake yi. Da ta yi arba'in ta roƙi Maliki ya kai ta Birnin Gwari. Ba ta iya zama a bayan keke, ba ta iya zama a katakon motar kasuwa, don haka a ƙasa suka tafi, shi yana tura keken ita tana bin sa.

Ta tarar da Idrisu ya murmure, kumatu sun fito. Hassana ta gane abin da ya kawo ta, ta miƙa mata shi ta ce, "Shiga ɗaki da shi, babu kowa." Huraira ta kwanta a gefe ta ba shi nono. Ya kama, ya ja, ya ja, bai sami komai ba, ya ture ta da hannu ya ƙwalla ƙara. Ta sauya masa ɗayan, ya kau da kai. Hassana ta leƙo.

"Kawo shi, ƙanwata, kar ya shiɗe. Ki bari a yaye shi, ai naki ne."

Kafin yaye mijin Hassana ya sami aiki a wata masaƙa a Kaduna, suka tattara suka tafi da yaran biyu. Maliki ya je ya dawo shi kaɗai, ya ce Yaya ta ce yaro ya saba, kuma wa zai ƙwace ɗa daga wadda ta shayar da shi ta ceci ransa? Huraira ta bar zancen, ba hurumin uwar ɗan fari ba ne. Ta sake haihuwa sau biyu, duka ba su zo da rai ba, kowace kuma sai ta tayar mata da basir ɗin. Ta ci gaba da daddawarta, tana sayarwa a tsaye. Uwarta da ta ji labarin bayan ruwa ya janye, har ta rasu ba ta daina cewa da ta sani da ta faɗa kogin da iyo.

Idrisu na da shekara bakwai ko takwas Inna Aminatu ta rasu, Hassana ta zo zaman makoki da shi, sanye da wando da takalmin makaranta. Ta tura shi ya gaida mutanen gida. Ya zo gaban Huraira ya durƙusa da ladabi.

"Ina wuni, matar Kawu?"

"Lafiya lau, yaro," in ji ta. "Ya hanya?"

Ta shiga ɗaki ta ɗebo dafaffiyar gyaɗa cike da ƙoƙo ta miƙa masa. Yaron ya waiwaya ya dubi Hassana.

"Mama, in karɓa?"

"Karɓa mana," in ji Hassana.

Ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya, ya ruga waje wurin yara.